Ganuwar da Ke Tsare Abokin Gaba a Ciki: Yadda Garkuwar Jiki Ke Fama da Ƙwayar Tarin Fuka

A ɗauki gida irin na cikin birnin Zariya, mai zaure da sassa uku ko huɗu, inda wani magidanci ya yi wata biyu yana tari kafin a gano tarin fuka ne. Matarsa ta kwana ɗaki ɗaya da shi, 'ya'yansa sun hau cinyarsa, ƙannensa sun yi hira da shi a zaure har dare ya raba. Dukansu sun shaƙi iskar da ya fitar. Amma idan aka waiwayi gidan bayan shekara biyu, sau da yawa za a tarar mutum ɗaya ne ya kwanta, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Daga nan ne ake fara zancen sammu, ko a ce ciwon gado ne ya zaɓi wanda zai bi. Ainihin bayanin yana can ƙasan huhu, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar tibi, wato tarin fuka, ta taɓa shiga jikinsu. Daga cikinsu, 5 zuwa 10 cikin 100 ne ciwon zai kwantar a tsawon rayuwa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko. Ke nan garkuwar jiki tana rinjaye kusan sau tara cikin goma. Sai dai wannan ɗayan da ya rage ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 kimanin mutum miliyan 10.8 suka kamu, kimanin miliyan 1.25 suka rasu, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe takwas da ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na masu ciwon.

Jikin ɗan Adam ginin tubali ne, tubalan kuwa su ne ƙwayoyin halitta. A nan za mu riƙa kiran su sel, don kada su rikice da ƙwayar cutar. Abin da ya sa tibi ya yi wuyar sha'ani shi ne ƙwayarsa tana zama ne a cikin sel, kuma sel ɗin da ta fi zaɓa shi ne wanda aikinsa kashe ƙwayoyin cuta.

Robert Koch, likita Bajamushe, ya sanar da gano ƙwayar ran 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake tunawa da ranar kowace shekara. Siririya ce kamar guntun tsinke, tsawonta maikromita 2 zuwa 4, maikromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. 'Yar'uwar ƙwayar kuturta ce. A ɗakin gwaji irin na Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa da ke Saye a Zariya, idan za a duba ta da madubin ƙara girma, sai a shafa majina a kan gilashi, a zuba jan rini, a ɗumama har ya fara tururi, sannan a wanke da ruwan asid. Komai sai ya saki jan, ban da ita. A zuba shuɗin rini a kai, sai a ga 'yan jajayen sanduna warwatse a kan shuɗi. Dalilin wannan riƙo shi ne ɓawonta mai kauri ne da maiƙo kamar kakin zuma, wanda aka gina da wani kitse mai suna asid maikolik. Ɓawon da ya hana asid wanke rini, shi ne yake kare ta daga bushewa, daga magunguna da yawa, da kuma makaman da jiki ke harba mata. Ga ta kuma da nawa. Wasu ƙwayoyin cutar hanji kan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20, shi ya sa noman ta a ɗakin gwaji ke cin makonni.

Kafin ta isa inda take so, akwai shingaye. Manyan ɗige-ɗigen tari suna faɗuwa ƙasa, ko gashin hanci da majina su kama su. Bututun iska yana shimfiɗe da wasu ƙananan gasu da ke kaɗawa dare da rana, suna tura majina sama zuwa maƙogwaro a haɗiye ko a tofar. Hayaƙin taba yana kashe wa gasun nan jiki. Waɗanda ke tsallakewa su ne busassun ɗige masu girman maikromita 1 zuwa 5, waɗanda ke iya yin sa'o'i suna shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Hasken rana yana kashe ƙwayar, iska mai wucewa tana kwashe ta. Ɗakin da aka toshe tagarsa da tsumma lokacin hunturu, mutum shida na kwance a ciki, shi ne wurin da ta fi samun dama. Kwano da cokali da musabaha ba su ne hanyarta ba, don haka ware wa majiyyaci kwanonsa ba ya kare kowa, sai dai ya ƙara masa ƙunci. Hanyar baki guda da aka sani ita ce ta nau'in da ke kama shanu, wanda ke bin madarar da ba a tafasa ba.

A ƙarshen bututun akwai 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, inda jini ke karɓar iskar shaƙa. Cikinsu akwai mai gadi da ake kira makrofaj, ma'anar sunan babban maci. Aikinsa haɗiye duk baƙon abin da ya faɗo: ƙura, toka, ƙwayar cuta. Yana da na'urorin shinshina a fatarsa da ke gane ɓawon ƙwayar. Da ya gane, sai ya miƙa fatarsa ya naɗe ta, ya jawo ta ciki a wata 'yar jaka mai suna fagosom. A tsarin da aka saba, jakar nan tana bin matakai. Da farko tana ɗauke da wata alama mai suna Rab5 da wani kitse mai suna PI3P, daga baya a musanya Rab5 da Rab7. A lokaci guda wani famfo yana tura tsami ciki. A ma'aunin tsami na pH, inda lamba ke sauka idan tsami ya ƙaru kuma ruwan sha yake wajen 7, cikin jakar yana sauka zuwa 5 ko ƙasa. A ƙarshe ta haɗe da laisosom, wata jaka mai cike da sinadaran narkarwa waɗanda sai cikin tsami suke aiki. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan labarinsu yake ƙarewa, cikin awa ɗaya ko biyu.

Ƙwayar tibi tana tsayar da tafiyar a tsakiya. Tana fitar da wani sinadari, SapM, da ke goge PI3P daga jikin jakar. Tana fitar da wani, PtpA, da ke hana famfon tsami zama a gurbinsa. Wani sukari mai maiƙo na ɓawonta, LAM, yana toshe saƙon da ke kiran laisosom. Sai jakar ta zama kamar buhu a tashar mota da aka goge sunan garin da za a kai shi: yana nan ajiye, babu mai ɗauka. Tsamin ciki yana tsayawa wajen 6.4, kuma tunda kowane mataki guda na pH ninki goma ne, tazarar da ke tsakanin 6.4 da 5 ta haura ninki ashirin. A cikin wannan jaka ƙwayar ke cin kitsen makrofaj, har da kolestarol ɗinsa, tana hayayyafa.

Ba ta tsayawa nan. Tana da wata na'ura kamar allura mai suna ESX-1, wadda ke fesa furotin ESAT-6 ya huda bangon jakar. A riƙe sunan nan, domin zai dawo a zancen rigakafi da na gwaji. Hudawar tana ba ta abinci da hanyar fita, amma tana tona mata asiri. Da ɓurɓushin DNA ɗinta, wato sinadarin gadonta, ya zubo cikin ruwan sel, wani mai sa ido da ake kira cGAS sai ya buga ƙararrawa. Daga ƙararrawar abu biyu ke fitowa, ɗaya alheri, ɗaya mai haɗari. Na alherin shi ne sel yana manna wa hudaddiyar jakar wata alama mai suna yubikwitin, ya sake naɗe ta da sabon tantani ninki biyu, ya kai ta laisosom da ƙarfin tsiya. Wannan tsari na sel ya cinye abin da ke cikinsa ana kiran sa otofaji. Masanin Japan Yoshinori Ohsumi ya sami kyautar Nobel a 2016 kan gano yadda yake aiki, kuma tun 2004 aka nuna yana kashe ƙwayar tibi. Mai haɗarin shi ne ƙararrawar tana sa a saki intaferon nau'i na ɗaya, saƙon da jiki ya tanada domin yaƙar bairos. A tibi, idan ya yi yawa, yana danne saƙonnin da ake buƙata, kuma jinin masu ciwon da ya yi tsanani yana cike da alamunsa.

Makrofaj yana da sauran makamai. Yana haɗa iskar guba ta naitirik oksaid da wasu sinadarai masu ƙuna. Yana zuba zinki da tagulla cikin jakar har su zama dafi. Yana kuma ɓoye sinadarin ƙarfe, domin ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi, ita kuma tana fitar da wani ƙugiya mai suna maikobaktin don ƙwato shi. Wannan ɓoyon yana faruwa a jiki gaba ɗaya: hanta tana sakin hepsidin, wanda ke rage shigar ƙarfe daga hanji, ya kulle wanda ke cikin ma'ajiya. Abin da ke sa mai tibi ya yi fari fat ke nan, kuma kwalaben maganin ƙarin jini ba sa gyara shi har sai an kashe ƙwayar. Akwai kuma bitamin D. Idan makrofaj ya shinshino ƙwayar, yana mayar da bitamin D zuwa siffarsa mai aiki, wannan kuma ya sa a ƙera wani ɗan furotin mai huda ƙwayoyin cuta, katelisidin. Wannan gaskiya ne a ɗakin gwaji. Amma wani babban gwaji da aka yi a Mongoliya kan yara 'yan makaranta fiye da dubu takwas, aka wallafa a 2020, ya nuna ba su bitamin D bai rage kamuwa ba. Ya kamata mai tallar maganin ƙara garkuwa ya san wannan kafin ya buɗe baki.

Idan duk an gwada ba a yi nasara ba, saura yadda makrofaj zai mutu, kuma a nan akwai bambanci babba. Akwai mutuwa mai tsari, inda sel ke tsukewa, ya ƙulle kayan cikinsa ƙunshi-ƙunshi ba tare da fatarsa ta fashe ba, wani makrofaj lafiyayye ya zo ya haɗiye ƙunshin har da ƙwayar da ke ciki. Akwai kuma mutuwar fashewa, inda komai ke zubewa waje, ƙwayoyi su bazu su kama sababbin sel. Ƙwayar tibi mai ƙarfi tana toshe hanyar farko, tana ingiza sel zuwa ta biyu.

Duk wannan aikin masu gadin farko ne, kuma su kaɗai ba kasafai suke gamawa da ita ba. Ana buƙatar rundunar da ta san wannan ƙwaya takamaimai. Masu kai rahoto su ne sel ɗin dendiritik, masu rassa kamar bishiya, waɗanda ke ɗaukar ɓurɓushin ƙwayar zuwa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. A can suke nuna shi ga wasu sojojin garkuwar jiki da ake kira sel ɗin T, har a dace da ƙalilan ɗin da suka gane shi, su kuma su hayayyafa su zama dubbai. A mura wannan yana ɗaukar kamar mako guda. A tibi yana ɗaukar mako 2 zuwa 8, domin ƙwayar tana jinkirta tafiyar masu rahoton. A wannan tsakani tana ninkuwa ba mai tsawata mata, wasu kuma su bi jini su sauka a saman huhu, ƙoda, ƙashin baya, ko tantanin ƙwaƙwalwa. Tibin ƙashin baya da ke sa mutum ya yi doro bayan shekaru, sau da yawa irinsa tun wannan lokacin aka shuka shi.

Da rundunar ta iso, abin yana sauyawa. Makrofaj da dendiritik suna sakin saƙo mai suna intalukin-12, wanda ke umartar sel ɗin T masu alamar CD4 su saki intaferon-gama. Shi wannan, in ya sauka a kan makrofaj, kamar an watsa wa mai gyangyaɗi ruwan sanyi ne: famfon tsami ya koma aiki, otofaji ya ƙaru, iskar guba ta yawaita. Sel ɗin T masu alamar CD8 kuma suna huda sel ɗin da ya kamu, su zuba masa giranulaisin, mai kashe ƙwayar kai tsaye. Ba hasashe ake yi ba wajen cewa waɗannan saƙonni su ne ƙashin bayan kariyar, domin an ga abin da ke faruwa idan babu su. Yaran da aka haifa da naƙasa a hanyar intalukin-12 ko intaferon-gama, ko raunanniyar ƙwayar da ke cikin BCG, allurar rigakafin tibi, tana iya bazuwa a jikinsu. Mai ɗauke da HIV, wanda bairos ke cinye masa CD4, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma. Lafiyayyen mutum yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500 a kowace maikrolita ta jini, kuma tibi yana fara samun ƙofa tun adadin bai faɗi ƙasa sosai ba. A 2001 kuma aka ba da rahoton yadda tibi ke tashi a jikin masu shan sabon maganin sanyin gaɓoɓi da ke toshe wani saƙo mai suna TNF.

Gwajin fata na Mantoux wannan runduna yake tambaya. Ana tsira mililita 0.1 na ruwan furotin ƙwayar a cikin fatar hannu, ƙasa da gwiwar hannu, har ta yi ɗan tudu. Bayan awa 48 zuwa 72 sai ma'aikacin lafiya ya shafa da yatsa ya nemo taurin, ya auna faɗinsa da rula. Taurin ake aunawa, jan da ke kewaye ba ya cikin lissafi. Milimita 10 ko fiye yana nuna sel ɗin T sun san ƙwayar, a mai HIV kuwa milimita 5 ya isa. Gwajin yana faɗin an taɓa haɗuwa da ita ne kawai, ba ya rarrabe mai ciwo da wanda jikinsa ya riƙe ta. Kuma yaron da tamowa ta cinye, ko mai HIV da ya yi nisa, yana iya ba da sakamakon babu alhali ƙwayar na cin sa, saboda rundunar da za ta amsa ta ƙare.

Abin da rundunar ke ginawa shi ake kira giranuloma, wani ɗan ƙulli da sau da yawa bai wuce ƙwayar gero ba. A tsakiya akwai makrofaj masu ɗauke da ƙwayar. Kewaye da su wasu makrofaj sun canja siffa sun manne da juna kamar jeren tubali, wasu sun narke cikin juna sun zama ƙaton sel guda mai cibiyoyi da yawa jere kamar kofaton doki, wasu sun cika da kitse har sun yi kumfa. Daga waje sel ɗin T da 'yan'uwansu na B sun yi zobe, bayansu kuma zaren tabo. TNF shi ne yumɓun da ke riƙe ginin. Bazazzagi ya san ganuwa, ya san an gina ta ne don abokin gaba ya tsaya a waje, a bar ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan don shige da fice. Wannan ganuwar an juya ta: abokin gaban yana ciki, garin yana waje.

Tsakiyar ƙullin yakan mutu ya zama wani abu fari-fari mai laushi kamar cuku. A ciki iskar shaƙa ta yi ƙaranci, abinci ya yi wuya. Ƙwayar tana da wani tsari mai suna DosR da ke kunna gomman umarni a lokaci guda: ta rage numfashi, ta daina rabuwa, ta tara kitse, ta lafe. Haka za ta iya zama shekaru. Wani ƙullin yana kashe duk abin da ke cikinsa, ya bushe, alli ya taru a wurin, sai bayan shekaru a gan shi a hoton ƙirji kamar ɗan farin tsakuwa. Binciken da aka yi a kan birai ya nuna cewa a huhu guda, wani ƙullin yana gamawa da ƙwayar sarai, na kusa da shi kuma yana cike da masu rai. Kowane ƙulli da nasa yaƙin, kuma guda ɗaya da ya gaza ya isa ya kwantar da mutum. Wanda ƙullayensa suka riƙe ba ya tari, ba ya zazzaɓi, kuma ba ya sa wa kowa.

Ɓangaren da mutane suka fi mamaki shi ne yawancin ɓarnar da ake gani a huhun mai tibi, garkuwar jikin ce da kanta ta yi ta. Idan ƙulli ya fara gazawa, wasu sel masu gaggawa da ake kira nutrofil suna kwararowa, su mutu a wurin, su zubar da sinadarai masu ƙona nama. Makrofaj suna sakin wasu almakasai, musamman MMP-1, masu yanka zaren da ke riƙe huhu. Cukun nan sai ya narke, ya ɓalle cikin bututun iska, tari ya fitar da shi waje, ya bar kogo. A bangon kogon iska ta wadata, garkuwa ba ta isa sosai, ƙwayoyi kan kai miliyan goma zuwa biliyan guda. Ya fi faruwa a saman huhu. In ɓarnar ta ci jijiyar jini, sai a ga jini a majina. Zazzaɓin yamma, gumin dare da ramar da ke sa wando ya riƙa zamewa, TNF da 'yan'uwansa ne ke jawo su, har ma sunan da aka fara ba TNF a wani bincike yana nufin mai ramarwa. Kogon nan shi ne abin da ƙwayar ke nema tun farko, domin ta nan take fita zuwa huhun wani.

Wannan yana bayyana wasu abubuwa da ke rikita mutane a asibiti. Mai HIV da CD4 ɗinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai ba ya yawan yin kogo, domin babu rundunar da za ta haƙa shi. Ƙwayar tana bazuwa cikin jiki, majinarsa kuma ta fito babu komai, tunda madubi yana buƙatar ƙwaya 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita kafin ya gani. Shi ya sa ake amfani da na'urar GeneXpert, mai neman DNA ɗin ƙwayar cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tibi, sannan ga irin waɗannan majiyyata akan nemi LAM a fitsari. Haka kuma idan aka fara ba shi maganin HIV, garkuwa ta farfaɗo, yana iya ƙara rikicewa na ɗan lokaci, kaluluwa ta kumbura, zazzaɓi ya dawo. Rundunar ce ta dawo ta tarar da abokin gaba ko'ina. Ba dalilin daina magani ba ne, dalilin komawa wurin likita ne. A tibin tantanin ƙwaƙwalwa ma, kumburin ne ke kisa, don haka likita yana haɗa maganin tibi da deksametason don ya lafar da garkuwar, kuma an tabbatar hakan na rage mutuwa.

Deksametason ɗin nan dai shi ne ake saya a kemis ba takardar likita, ana sha don a yi ƙiba, har ana masa laƙabi da sha-ka-fashe. Wadda ta yi watanni tana shan sa tana rushe ganuwar da jikinta ya gina da hannunta, kuma wannan abu ne da ya kamata a riƙa faɗa da babbar murya a gidajen biki. Sauran masu rushe ta sanannu ne. Ciwon sukari yana ninka haɗarin sau biyu zuwa uku, domin makrofaj da ke cikin jini mai yawan sukari yana da nawa wajen haɗiya da kai rahoto. Ƙurar dutse da masu fasa dutse da masu haƙar zinariya ke shaƙa tana kashe makrofaj kai tsaye. Akwai taba, giya, ciwon ƙoda, da tsufa. Yunwa kuwa ta fi su yawan mutane, domin sel ɗin T ba sa hayayyafa ba tare da furotin ba. A wani gwaji da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, aka wallafa a 2023, ba iyalan masu tibi tallafin abinci kowane wata ya rage sababbin kamuwa a cikinsu da kashi 39 zuwa 48 cikin 100. Wake, gyaɗa, ƙwai, waken suya da tafasasshen nono a gidan mai tibi suna cikin magani.

Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, musamman ɗan ƙasa da biyu, bai iya gina ƙulli mai ƙarfi ba tukuna. A jikinsa ƙwayar tana iya bin jini ta watsu kamar an watsa gero, ko ta hau ƙwaƙwalwa. Domin shi ake yin BCG. Albert Calmette da Camille Guérin, a Faransa, sun yi shekara 13 suna dasa ƙwayar tibin shanu daga kwano zuwa kwano, sau 230, a kan dankali da ruwan matsarmamar shanu, har ta yi rauni, aka fara ba ɗan Adam a 1921. Sai bayan shekaru da dama aka gano abin da ta rasa a hanya: guntun DNA ɗin da ke ɗauke da ESAT-6. Ba ta iya huda jaka, don haka tana koya wa jiki darasi ba tare da ta ci shi ba. Saboda wannan rashi ne ma gwajin jini na IGRA, mai amfani da ESAT-6, ba ya rikita wanda aka yi wa BCG da wanda ya haɗu da ainihin ƙwayar. Ana yi wa jariri mililita 0.05 na BCG a cikin fatar dantsen hagu da zarar an haife shi. Bayan 'yan makonni wurin zai yi ƙurji, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Kada a matse, kada a shafa toka ko man zafi. Allurar tana kare yara sosai daga tibin ƙwaƙwalwa da mai watsuwa, amma kariyarta ga huhun manya ba ta da tabbas. Wata sabuwar allura, M72, ta nuna kariya ta kusan kashi 50 cikin 100 a gwajin da aka yi a Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu, kuma an shiga babban gwajinta a 2024.

Tsawon maganin ma daga nan ya samo asali. Wata biyu ana shan haɗin huɗu, isoniyazid, rifamfisin, firazinamid da etambutol, sannan wata huɗu ana shan biyun farko, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su. Isoniyazid yana hana ƙera asid maikolik, don haka yana share masu saurin rabuwa na bangon kogo cikin kwanakin farko. Nan da mako biyu zuwa uku tari ya lafa, abinci ya fara shiga, majiyyaci ya ga kamar ya warke. Waɗanda suka lafe cikin cuku da cikin makrofaj suna nan, kuma maganin da ke kai hari kan ginin ɓawo ba ya taɓa ƙwayar da ta daina gini. Firazinamid, mai aiki a wuri mai tsami, da rifamfisin, wanda ke mayar da fitsari ja, jan kuma ba illa ba ne, su ne ke bin su sannu a hankali, sauran watannin nasu ne. Haɗa huɗu kuma lissafi ne: a cikin kowace ƙwaya miliyan guda akan sami kamar ɗaya da isoniyazid ba ya kashewa, a cikin miliyan ɗari akan sami ɗaya da ta fi ƙarfin rifamfisin. Kogo mai ƙwaya miliyan ɗari yana da irin waɗannan tun kafin a sha ƙwayar magani ta farko. Wanda ke sha yau ya bari gobe yana kashe masu rauni ne ya bar wa masu taurin kai fili.

A koma gidan nan na cikin birni. Matar da ƙannen da yaran, duk wanda ke tari, ko zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, majinarsa za a gwada, a ɗauki hoton ƙirji in da hali. Yaro ƙarami ba ya iya fitar da majina, don haka ana duba nauyinsa a katin awo, a ga ko ya tsaya ko yana raguwa, a kuma lura ko ya daina wasa. Waɗanda aka tabbatar ba su da ciwon, musamman yara 'yan ƙasa da biyar da masu HIV, ana ba su maganin rigakafi don a kashe abin da ke cikin ƙullayen tun ganuwar tana tsaye: isoniyazid kullum na wata shida, ko isoniyazid da rifamfisin kullum na wata uku, ko isoniyazid da rifafentin sau ɗaya a mako har mako 12. Adadin yana bin nauyin jiki, shi ya sa ake sake auna yaron duk zuwan da aka yi karɓar magani.